Yadda Na Ajiye Makullan Shago Na Kai Babana Aikin Ido

Salama a gare ku duka, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu.

Sunana Habila, ina zaune a Rikoto, nan Zuru. Waɗanda suka daɗe a ikkilisiyar nan za su tuna ni a layin baya na mawaƙa, wajen masu babbar murya. Waɗanda suka shigo cikin shekara biyar ɗin nan kuwa sun fi sanin matata Saratu da 'ya'yanmu uku. Har akwai wata baiwar Allah da ta taɓa riƙe hannun Saratu bayan sujada tana ba ta haƙuri, a zatonta mijin ya rasu. Ina nan da raina duk lokacin. Ina dai shago ne.

Fasto ya ce in rubuta abin da na faɗa a zumuntar maza domin takardar ikkilisiya. Na yi nauyin hannu, domin akwai abin kunyata a ciki. Amma idan na ɓoye kunyata, zan ɓoye rabin aikin da Ubangiji ya yi.

Shagon da nake aiki na kayan gini ne: siminti, kwano, rodi, ƙusa, fenti. Mai shagon ba zan faɗi sunansa ba, Oga muke ce masa. Mutumin kudu ne, mai bi kamarmu, ya daɗe a Zuru har Hausarsa ta fi tawa santsi. Lokacin da ya ɗauke ni ba ni da komai. An sace babur ɗin da nake acaɓa da shi, Saratu tana da cikin na biyu, masara ta ƙare a buhu. A tsaye muka yi magana, a bakin titi. Ya ce daga ƙarfe takwas zuwa biyar, Litinin zuwa Asabar, ga albashi kaza. Na ce ko za a rubuta? Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce tsakanin 'yan'uwa cikin Ubangiji ba a bukatar takarda. Ni ma na yi dariya, har na ji kunyar tambayar da na yi.

Wata shida na farko komai ya tafi daidai. Daga nan ya ga ba na taɓa masa ko ƙusa ɗaya, sai ya ba ni makullan sito. Ranar na dawo gida ina kaɗa su a yatsa, na ce wa Saratu ta zo ta ga mijinta. Ban san abin da na karɓa ba.

Mai makulli shi ne na farkon zuwa, shi ne na ƙarshen tafiya. Tirelar siminti ba ta san ƙarfe biyar ba. Idan ta iso da yamma, sai an sauke buhu na ƙarshe an ƙirga kafin in rufe. Ba ta san Lahadi ba kuma. Sau da yawa ina ɗaura igiyar takalmi zan taho sujada wayata za ta yi ƙara: "Habila, mota ta iso." Sai in cire fararen kaya in sa na aiki. Ranar hutun gwamnati, ranar Sallah, Litinin ɗin Ista, duk ranar ciniki ce a wurinmu. Ko sau ɗaya ba a ƙara mini sisi a kan waɗannan lokutan ba, kuma ban tambaya ba.

Kowane Disamba Oga yakan kwashi iyalinsa da ƙanensa da ke zama a kan teburin kuɗi su tafi garinsu, mako uku. Ni ke zama da shago. Kirsimati biyar na ci shinkafata a cikin kwano mai murfi, a kan buhun siminti, ina jiyo gangar coci daga nesa. Ƙanen nasa yakan dawo ya yi ƙiba yana ba ni labarin biki. Idan buhu ya fashe wajen saukewa kuwa, daga albashina ake cirewa, ba nasa ba.

Za ku ce me ya hana ni magana. Abu biyu ne.

Na farko tsoro. Kafin ni akwai wani Ayuba da ya riƙe makullan nan. Ya tafi jana'izar mahaifiyarsa a Kanya, ya ƙara kwana biyu a kan abin da aka ba shi, da ya dawo ya tarar da ni a wurinsa. Na ga fuskarsa ranar. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ban tsaya a shafawa ba, na tsoma kaina gaba ɗaya a ruwan.

Na biyu kuwa, wanda ya fi ƙarfi, shi ne golmo. Baƙinmu da ba 'yan ƙabilarmu ta Lelna ba, golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa surukinsa shekara da shekaru, shi da abokansa, kafin a ba shi mata. Babana ya yi wa kakana shekara bakwai kafin ya auri mahaifiyata. Da wannan labarin aka yaye ni. Tun ina ƙarami nake jin cewa namiji ba ya cewa ya gaji a gonar wani, ba ya duban rana, ba ya tambayar lada. Ya sunkuya kawai har ranar da za a ce ya isa. Sai na ɗauki wannan na kai shagon siminti. Duk ranar da bayana ya ƙage, sai in ce wa kaina Baba ya yi bakwai, kai wane ne? Har na riƙa ganin wannan shirun nawa ibada ne, ina ce masa tawali'u.

Gaskiyar magana, ba tawali'u ba ne. A shago ni tunkiya ne, a gida kuwa zaki. Abin da na kasa faɗa wa Oga, Saratu nake juye wa. Yara idan suka ji tarin nan nawa na siminti daga bakin ƙofa, sai kowa ya nemi lungu. Dattawan ikkilisiya sun zo nemana sau biyu, na ce musu aiki ne ya ɗan yi yawa, wata mai zuwa zan dawo. Addu'a ma na daina, sai dai ta kan abinci.

Ana cikin haka idon Baba ya rufe. Idonsa na hagu tun da daɗewa karan dawa ya tsone shi a gona, ya tafi. Na daman ne yake rayuwa da shi, shi ma sai yanar ido ta fara rufe shi a hankali. Shekara uku da suka wuce muka ɗauko shi daga ƙauye ya dawo wurinmu, domin ba ya gane komai sai haske da inuwa. Mutumin da yake sassabe gona shi kaɗai, ya koma lalube da bango kafin ya kai bayan gida.

Bara da damina likita a nan Zuru ya duba shi ya ce idon yana da rai, yanar ce kawai, za a iya cirewa. Ya tura mu wani asibitin ido a Sakkwato. Dangi suka haɗa kuɗi, ƙanwata da ke aure a Sakaba har akuya ta sayar. Aka ba mu rana a watan Nuwamba, aka ce a zo da wanda zai zauna da shi kamar kwana goma, saboda gwaje-gwaje da dubawar bayan aiki. Ƙanwata tana jego. Saratu kuwa suruka ce, Baba zai gwammace ya mutu da makanta a kan ta riƙe hannunsa zuwa makewayi. Saura ni.

Kwana goma! Ni da ban taɓa neman yini ɗaya ba.

Mako uku ina shirya maganar a baki. Kullum sai in ce yau, in shiga ofis, in ga fuskarsa, sai in tambaye shi ko a ƙara odar ƙusa. Da ya rage kwana huɗu na daure na ce, "Oga, babana za a yi wa aikin ido." Bai ɗaga kai daga waya ba. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Ka san rani ya shigo, kowa gini yake. Mota uku na hanya." Shi ke nan. Bai ce a'a ba, domin ban tambaye shi komai ba. Na ce to, na fita ina share gumi.

Da na koma gida na tarar Baba ya sa an wanke masa babbar rigarsa an ninke a ƙarƙashin matashi. Na zauna kusa da shi na ce asibiti sun kira, likitan ya yi tafiya, an ɗaga ranar. Sai ya ce da yarenmu, "To, ba komai. Ranar Allah ita ce rana." Ƙarya na yi wa mahaifina makaho, 'yan'uwa. Na yi wa matata ita ma.

Na kira asibitin a ɓoye na ba su haƙuri. Matar da ta ɗauka ta ce sun jira mu. Ta ba ni wata rana, tsakiyar Disamba, ta ce likita ya ce yanar ta riga ta tsufa, idan aka ƙara jinkiri aikin zai yi wuya, ba zai iya yi mana alkawarin komai ba. Tsakiyar Disamba, daidai lokacin da Oga yake loda motarsa zuwa gida. Daga ranar abinci ya daina shiga. Ina ƙirga buhu ina ɓacewa, ina sake farawa. Idan waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, ko asibiti ne, ko Oga ne, ko gida.

Rannan kuwa gidan ne. Baba ya tashi zai fita tsakar gida, ya yi tuntuɓe da tukunyar kunu da aka sauke daga wuta, ta zube masa a ƙafa. Ban samu zuwa ba sai da aka gama sauke kwano. Na tarar an naɗe ƙafar, shi kuma yana ba Saratu haƙuri wai ya yi mata ɓarnar kunu.

Saratu ta ja ni ɗaki. A hannunta akwai takardar da na rubuta sabuwar ranar, ta tsince ta a aljihuna wajen wanki, har da lambar asibitin. Ashe ta kira su.

Ta ce, "Baban Alheri, sun ce ba su ɗaga komi ba. Kai ne ba ka je ba."

Na fara ɗaga murya yadda na saba. Ba ta ko motsa ba.

Ta ce, "Ka yi ihunka. Amma ka gaya mini, wai golmo kake yi a shagon nan? In golmo ne, wace ɗiya tasa zai ba ka? Ni dai na san an riga an ba ka mata, ga ta tsaye gabanka. Mi kake jira a ba ka kuma?"

Ta ce ba za ta faɗa wa Baba ba, ni zan faɗa da bakina, kuma idan ranar nan ta sake wucewa, in san cewa ni na rufe masa ido, ba yanar ba.

Washegari Jumma'a ce. Da azahar kasuwa takan yi tsit, masu gini da masu turin kura duk sun tafi masallaci. Oga ya tafi cin abinci. Na shiga sito na jawo ƙofa, na durƙusa tsakanin siminti da rodi. Da farko bakina ya ƙi buɗewa, na manta yadda ake farawa. Sai na ce, Yesu, tsoro nake ji. Shi ke nan na ɓarke da kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Na ce, Ubangiji, na mai da mutum Allahna. Na ɗauka abincin 'ya'yana yana aljihunsa. Na yi wa babana ƙarya don kada ran wani ya ɓaci. Ka gafarta mini, ka kuma nuna mini abin da zan yi, domin ni dabarata ta ƙare.

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma da na tashi, abu ɗaya ya tsaya mini a rai sarai: je ka faɗa wa babanka gaskiya tukuna. Tsoron bai tafi ba. Sai dai ya sauka daga wuya ya koma ciki, inda mutum zai iya tafiya da shi.

Da yamma na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa mai ƙuna, na faɗa masa komai. Na ce, "Baba, ban iya neman izini ba. Kai ka koya mini namiji ba ya tambaya a gonar wani. Ka yi bakwai ba ka ce uffan ba."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Ya ce, "Wa ya gaya maka ban ce uffan ba?"

Sai ya ba ni rabin labarin da ban taɓa ji ba, ko kuma na ji ban saurara ba. Ya ce kafin su sa fartanya a gonar kakana, sai da manya suka zauna, aka faɗi shekarun a gaban shaidu. Kowa ya san ranakun da za a zo. Suruki ya san abinci da abin sha a wuyansa suke. Sauran ranaku kuwa kowa yana gonar ubansa. Ya ce wata shekara kakana ya so ya ƙara musu wata sabuwar gona da ba a yi magana a kanta ba. Shugaban ƙungiyarsu ya gaishe shi da ladabi, ya ce wannan ba ta cikin magana, suka saɓa fartanyoyinsu suka koma gida. Sai da tsohon ya aiko da ban haƙuri.

Ya ce, "Mun sunkuya ne domin mun san ranar miƙewa. Kai wa ya faɗa maka taka ranar? Su wane ne shaidunka?"

Na ce babu.

Ya ce, "To ba golmo kake yi ba. Ban san sunan abin da kake yi ba." Game da ƙaryar kuwa hannunsa kawai ya ɗora a kaina ya daɗe bai ɗauke ba.

Saratu ce ta ce in je wurin Mama Rifkatu, wadda kuka sani a zumuntar mata, da ta yi aiki shekaru a sashen ma'aikata kafin ta yi ritaya. Ta saurare ni har ƙarshe tana girgiza kai. Ta ce, "Ɗana, rashin sani ya fi dare duhu." Ta bayyana mini cewa dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Cikin kowane kwana bakwai yana da yini guda na hutawa. Wanda ya cika shekara yana da hutu tare da albashinsa, aƙalla kwana shida na aiki. Lokacin da ya wuce wanda aka yi yarjejeniya a kansa kuma ƙarin aiki ne, ba kyauta ba. Ta ce hutun da ban ci ba ya ninka kwana goman da nake nema.

Har na fara jin daɗi, sai ta ce, "Amma ba zan ruɗe ka ba. Doka ba ta ɗaure hannunsa ba. In ya ga dama zai iya sallamarka, muddin ya ba ka sanarwa ko kuɗinta. In ya ƙi ba ka haƙƙinka akwai ofishin ƙwadago a Birnin Kebbi, zan raka ka. Sai dai wanga duk bayan ka buɗe baki ne. Ba mai buɗe maka shi."

Ta taimake ni muka rubuta wasiƙa, kwafi biyu, babu zagi babu roƙo. Ta ƙunshi ranar da zan tafi da ranar da zan dawo, da neman a rubuta mini lokutan aikina, da maganar Lahadi da ƙarin lokaci. Kwana biyu wasiƙar tana aljihuna har ta jiƙe da gumi, sai da muka sake kwafe ta.

Ranar Litinin da safe na shiga ofis. Na gaishe shi na miƙa masa da hannu biyu. Ya karanta, ya sake karantawa, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Habila, ni za ka kawo wa doka? Wa ya ɗauke ka lokacin da ba ka da ko keke? Ka san jibi zan yi tafiya. Ni da kake gani, shekara bakwai na yi wa maigidana aiki a kasuwa. Ba albashi, ba hutu, a kan kwali nake kwana. Ban taɓa rubuta masa takarda ba."

Na ji bakina yana shirin cewa a yi haƙuri, a manta. Sai na ce a raina, Yesu, riƙe ni. Abin da ya fito daga bakina ni kaina ban shirya shi ba.

Na ce, "Oga, ban manta alherinka ba. Amma shekara bakwai ɗin nan, tun farko an faɗa maka bakwai ne?"

Ya ce, "Sosai. A gaban iyayena."

"Da suka cika fa?"

"Ya buɗe mini shago."

Na ce, "To ni tawa yaushe za ta cika? Ba shago nake nema ba. Kwana goma nake nema in kai babana a buɗe masa ido."

Ya tsaya yana kallona. Na ɗauka zai sauko. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Kawo makullan."

Na ciro su na ajiye a kan tebur. Na tsaya ko zai ce wani abu, ya ce in dawo ko kada in dawo. Sai ya ɗauki wayarsa. Na fito ban sani ba ko hutu na samu ko kora. Da na faɗa wa Saratu, ta dubi yara, sannan ta ce, "Allah na nan. Je ka nemo mota."

Haka muka kama hanyar Sakkwato, Baba a cikin babbar rigarsa, ni kuma ina lissafin buhun masara nawa ya rage a gida. Duk tsawon hanya ina duba waya. Ba kira, ba saƙo. A asibiti aka yi kwana biyu ana gwaji, aka ce jininsa ya hau, sai ya sauka tukuna. Na zauna a benci ina cewa shi ke nan, na rasa aiki, kuma za a ce mu koma gida. A rana ta uku jinin ya sauka, suka shiga da shi. Ban taɓa yin addu'a irin ta wannan awa ɗaya ba.

Na san da yawanku maganar aikin kuke jira, bari in sallame ku. Da muka dawo Zuru na je shagon ranar da na rubuta a wasiƙa. Na tarar da Oga zaune a kan buhu, fari fat da siminti tun daga gashi har takalmi, ya riƙe ƙugu. Ashe iyali kawai ya tura gida, shi ya tsaya, domin bai sami wanda zai amince wa da makulli ba. Mota huɗu ya sauke, ɗaya ranar Lahadi. Ya dube ni ya ce, "Haka kake yi kullum?" Na ce haka ne. Bai ba ni haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Amma a makon nan muka zauna, Mama Rifkatu tana wurin, aka rubuta lokutan aiki, da Lahadi, da hutun shekara, da abin da za a ƙara idan mota ta tsare ni bayan ƙarfe biyar. An daina cire mini kuɗin fasasshen buhu. Na shekarun baya bai biya duka ba, wani abu ya bayar, na karɓa na bar sauran. Har yanzu wani lokaci yakan manta ya kira ni ranar Lahadi, kuma har yanzu gabana yakan faɗi kafin in ce masa sai Litinin. Ku ci gaba da yi mini addu'a, shi ma ku sa shi.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru washegarin aikin idon, da safe, lokacin da ban san komai game da makomar aikina ba.

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta zaunar da Baba a bakin gado. Ina tsaye a gabansa. Ta cire auduga a hankali, ta goge masa idon, ta ce ya buɗe. Ya yi ta ƙiftawa, hawaye yana zuba. Ya dubi taga. Ya ɗaga hannunsa ya juya shi gaba da baya. Ya dubi matar ya ce da Hausa, "Ɗiyata, rigarki fara ce." Ta yi dariya ta ce haka ne, Baba.

Sai ya dube ni. Ya kawar da kai ya dubi ƙofa, ya dubi gadon da ke gefe, ya ce, "Ina yarona? Ina Habila ya tafi?"

Na ce, "Ga ni, Baba."

Muryar ya gane. Ya juyo ya kafa mini ido. Rabonsa da ganin fuskata shekara uku. Ya miƙo hannu ya taɓa kumatuna da suka faɗa, ya taɓa furfurar da ta fito mini a gefen kai, ya riƙe wuyan hannuna ya ga yatsunsa sun zagaye shi.

Ya ce, "Yaushe ka tsufa?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Da ina gani, da ban bari ba." Ya jawo kaina ya ɗora a ƙirjinsa, a gaban mutane, ni da nake da 'ya'ya uku. Ma'aikaciyar tana cewa kada ya yi kuka saboda idon, shi kuwa bai ji ta ba.

Na gode wa Allah da ya buɗe idon babana. Na gode masa da bai bar ni in mutu da ƙaryata ba. Na gode wa Saratu da ta jure ni shekara biyar, da Mama Rifkatu, da duk wanda ya taɓa ambaton sunana a addu'a lokacin da kujerata take wofi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan kana wani wuri yanzu kana haɗiye magana saboda tsoron abin da 'ya'yanka za su ci, ka durƙusa ka faɗa wa Yesu tsoron da sunansa, sannan ka tashi ka nemi wanda ya san haƙƙinka, ka yi magana da ladabi. Ban yi maka alkawarin za a riƙe ka a aikin ba, ni ma ban sani ba ranar da na ajiye makullan. Abin da na sani shi ne wanda na dogara gare shi bai sake ni ba. Ku kuma da kuke da mutane a ƙarƙashinku, ku ɗaga kai ku dubi fuskokinsu da kyau, ku da Allah ya bar muku idanunku.

Yabo da ɗaukaka su tabbata ga sunan Yesu. Amin.